Layi Huɗu da Sunan Yanka

Ƙwal, ƙwal. Sau biyu nake buga ludayi a kan murfin tukunya, kuma duk wanda ya tashi a gidanmu na Zongo ya san ma'anar wannan ƙara: ina neman yayanku. Shi ne ɗana na fari, kuma yadda na ga uwata ta yi da nata ɗan farin, haka na yi da shi. Ban taɓa kiran sunansa ba. In yana kusa, ludayi ya isa. In yana nesa sai in ce, "Ku kira mini wancan," kuma ko maza biyar ne zaune a ƙofar gida, ba wanda zai yi kuskuren kawo mini wani. Har ɗaliban Malam, mahaifinku, sun haddace wannan kafin su haddace Fatiha. Shekara ashirin da bakwai gidan na tafiya a haka, ba wanda ya ga abin magana a ciki, ni ma ban gani ba.

Ina rubuta wannan ne saboda na ji yadda kuke ba da labarin waccan shekara, ku ƙanana da ba ku yi wayo ba a lokacin. Kuna cewa Yaya da Safiya sun yi faɗa a kan kwamfuta, Mama ta goyi bayan Safiya. Ba haka aka yi ba. Ni nake tsaye a wurin, da ludayin a hannuna.

A lokacin su biyun, shi da ƙanwarsa Safiya, sun gama karatu, suna zaune a gida da kwamfuta guda ɗaya da suka samo ta hannu a kasuwar Adawlato. Aikinsu shi ne yi wa mutane shafin intanet: teloli, masu shago, wata makarantar koyon tuƙi. Da suka ga abu ɗaya suke ta maimaitawa a kowane aiki, sai suka haɗa wani abu da yaren da suke kira JavaScript, suka ce sunansa librairie. Ni da na yi collège, wato sakandare, na san librairie wurin sayar da littattafai ne, don haka na tambayi Safiya ina za su sami kantar ajiye littattafan. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta nuna mini kwalbar yajina.

"Irin wannan ne, Mama. Kin daka sau ɗaya kin ajiye. Duk mai miya ya zo ya ɗiba, ba sai ya ɗauko turmi ba."

Kuma an ɗiba. Samarin Zongo da 'yan mata masu koyon wannan aiki sun riƙa zuwa suna kwafa, wasu har daga unguwar Hédzranawoé. Nakan ji su a zaure, Hausa rabi Faransanci rabi, in aika musu da ayimolu, shinkafa da wake, a babban faranti. Yayanku ne ke da fasalin abin a kansa, mutum ne mai son komai ya zauna a inda littafi ya ce. Safiya kuwa ita ke fita wurin mutane, ita ke jin ƙorafinsu. Na yi ta gode wa Allah da ya haɗa mini kansu.

Sai lokacin sauka ya zo a makarantar Malam. Da can da hannu yake rubuta takardar shaidar kowane ɗalibi, amma idonsa ya fara rauni, sai yaran suka yi masa shafi. Uba zai je siber, wato shagon da ake hayar kwamfuta, ya rubuta sunansa a akwatin sama, sunan ɗansa a akwatin ƙasa, ya danna, takarda ta fito da adon zayyana a gefe. Sun gwada a gida sau ba adadi, lafiya lau. Malam har ya sa musu albarka a gaban baƙi.

Ranar wata Laraba da hantsi ina tsince shinkafa, sai ga sallamar Sule mai zemijan, wato ɗan acaɓa, ya jingine babur ɗinsa a bakin ƙofa, 'yarsa Ramatu na biye da shi. Ramatu ita ce ta fi kowa karatu a cikin masu saukar shekarar, yarinya siririya mai murya kamar ta manya. Idonta ya yi ja. Sule kuwa dariya yake, yana kaɗa takarda a sama.

"Malam, ashe na sauke ban sani ba! Ga shi an rubuta: Sule Garba ya sauke Alƙur'ani mai girma. Ni da na tsaya a Sabbi tun ina da gashi a kai! A yanka mini rago, a naɗa mini rawani."

Duk wanda ke zaure ya fashe da dariya, har Malam ya rufe baki da gefen mayafinsa. Ramatu ba ta yi dariya ba. Na ja ta ɗaki na ba ta ruwa, ta ce mini a hankali, kamar tana tsoron a ji:

"Mama, shekara shida nake zuwa. Sunana ba ya ko'ina a jiki."

Kafin azahar takardu bakwai sun dawo da irin wannan kuskure, dukansu daga siber ɗin bakin masallaci. Safiya ta sa mayafi ta tafi can, ta dawo kafin la'asar da bayani. Na roƙe ta ta yi mini shi da Hausa, ga yadda na fahimta, kuma har yau ban ji wanda ya ce na fahimta ba daidai ba. Kowane akwati a shafi yana iya samun suna biyu. Akwai wanda suke ce wa id, shi ne kamar sunan yanka, akwati ɗaya ne tak ke da shi. Akwai kuma wani kamar laƙabi, wanda akwati da yawa kan iya tarayya a kai. Abin da ke buɗe shafin, burauza, shi ake aika ya kirawo akwati da sunan yankansa. Sabuwar burauza irin ta gidanmu tana kawo wanda aka ce. Amma kwamfutocin siber tsofaffi ne, burauzarsu ma tsohuwa ce, kuma tana da wani hali: in ka ce ta kira maka wane, duk wanda ta fara cin karo da shi mai amsa wannan suna, ko laƙabinsa ne kawai, shi za ta riƙo wa hannu ta kawo. Akwatin uba na sama, laƙabinsa kalmar Faransanci mai nufin suna, "nom". Akwatin ɗa na ƙasa, sunan yankansa "nom". Tsohuwa ta shigo ta sama, ta riƙo uban.

Shafin makaranta a ranar aka gyara shi, aka sauya wa akwatin uba laƙabi, Ramatu ta sami takardarta. Ku lura da wannan, domin rigimar ba a kansa ba ce. Rigimar a kan kwalbar yajin ce, wadda wasu ke ɗiba suna yin nasu shafukan, suna raɗa wa akwatunansu sunan da suka ga dama. Safiya ta ce a ƙara layi huɗu a ciki: duk sanda burauza ta kawo akwati, a tambaye shi, shin wannan sunan yankanka ne? In ba shi ba ne, a mayar da shi, a bi sauran ɗaya bayan ɗaya har a sami na gaskiya. Yayanku ya ce ko harafi ɗaya ba za a ƙara ba.

Na saurare su kwana da kwanaki, ina wanke-wanke suna yi, ina shanya suna yi. Kuma zan faɗa muku gaskiya, maganar yayanku ba ta banza ba ce.

"Rubutunmu daidai yake, Safiya. C'est pas notre faute, ba laifinmu ba ne. Ƙa'ida ta ce a kira da id, mun kira da id. Tsohuwar ce ba ta ji."

"To Sule ya san wata ƙa'ida? Shi dai ya san 'ya'yan Malam ne suka yi."

"Yau layi huɗu, gobe takwas. Kin san halinta nawa ne, tsohuwar nan? In muka ce za mu bi kowanne mu toshe, abin zai yi nauyi, kuma kowa zai ɗauki nauyin, har wanda ya sayi sabuwa. Da wannan connexion tamu ta intanet mai tafiyar kunkuru?"

"Layi huɗu ne, Yaya, ba buhun siminti ba."

"Kuma ga babban abin. In muka rufa mata asiri, mai siber ba zai taɓa sauya ta ba. Me zai sa ya sauya? Komai na tafiya. Mu ne za mu yi ta ɗaukar laifinta a kai har mu tsufa."

"In ya sa sabuwa a waɗancan akwatunan ƙarfe, ba za su ko tashi ba. Na gani da idona, ɗaya da igiya aka ɗaure murfinta. Kai kana rubuta wa mutanen da ke cikin littafi, ni ina rubuta wa mutanen Zongo."

Daga nan magana ta ƙare, shiru ya karɓa. Kwana tara ba su gaisa ba sai sallama. Suka raba lokacin kwamfuta kamar masu rabon ruwan famfo, shi safe, ita yamma. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne bikin Safiya saura wata guda, za ta tare a unguwar Djidjolé. Na ji tana gaya wa wata ƙawarta cewa za ta kwafi nata, ta sa layinta huɗu, ta raɗa masa wani suna, kowa ya bi wanda ya ga dama. Na san 'ya'yana. In ta fita gidan nan a haka, ba kwalbar yaji kaɗai za ta rabu biyu ba. Na ga 'yan'uwa a Zongo da suka shekara ashirin suna gaisawa ta bakin wasu, kuma in ka bi asalin abin, bai kai wannan ba.

Na yi wa Malam magana, ya ce shi a allo ya san gyara, a bar yara su huce. Ba su huce ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ana yayyafi, na zuba tuwo na ce yau kowa a tabarma ɗaya zai ci. Na buga ludayi sau biyu, ya fito. Ba a kai loma biyar ba suka koma. Safiya tana da baki, kun sani, ta gado shi daga wajen dangin ubanta. Ta ajiye cokali ta nuna shi da yatsa.

"Kai ne za ka ce ba a rufa wa tsohuwa asiri? Kai da a cikin layi huɗu ka girma? Mama ta ce 'wancan', mu duka mu tsaya mu duba wane wancan, mu je mu kawo ka. Shekara nawa muna yi? Ka taɓa kwana da yunwa saboda an kira wani a madadinka? Gidan nan bai rushe ba."

Ta faɗa ne don ta ci gardama, har ku ƙanana kuka fara dariya. Shi bai yi ba. Ya dubi tuwon gabansa, ya goge hannunsa a hankali, ya yi magana da muryar da ban san yana da ita ba.

"Haka ne. Kun iya sosai. Da kun kasa ko rana ɗaya, da wataƙila na ji sunana a bakin uwata."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Ba wanda ya ƙara loma. Safiya ta sa hannu a baki. Ni kuwa na ci gaba da kwashe kwanuka, domin ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Kada ku ɗauka ban son sunan. Ni na zaɓe shi a zuciyata tun yana ciki, na faɗa wa Malam a asirce, ya raɗa. Na karanta shi a kan kowace takardar makaranta da Faransawa suka lanƙwasa masa harafi, nakan shafa shi da yatsa. A sujada ina faɗarsa kullum, a inda Allah kaɗai ke ji. A wurinmu rashin kiran ɗan fari ba ƙi ba ne, so ne da ya yi yawa har ake ɓoye shi. Na ɗauka ya sani. Ashe abin da kowa ya iya fassarawa, shi aka bari ba a fassara masa ba.

Washegari da safe na sami Malam yana gyara alƙalami, na tambaye shi ko wannan kunya tamu tana cikin abin da addini ya ɗora mana.

"Ba farilla ba ce, ba sunna ba ce, Rabi. Al'ada ce, kuma mai kyau. Amma ban taɓa karanta inda aka ce a ƙuntata wa ɗa da ita ba."

"Ka san yana jin haka?"

"Ban sani ba. Ni ai ina kiransa."

Kwana biyu ina juya abin. A kasuwa na tsaya gaban mai tumatir har ta taɓa ni ta ce, "Maman, lafiya?" Abin da na gano shi ne, kowannensu ya riƙe rabin gaskiya yana dukan ɗan'uwansa da ita. Ramatu ba ita ta sayi kwamfutar siber ba, ba ta da ikon sauya ta, kuma ita ta yi kuka. Wanda ba shi da laifi, ba shi da iko, bai kamata a bar shi ya biya don a koya wa wani hankali ba. A nan Safiya ta fi gaskiya. Amma rufin asirin da ba a taɓa faɗa wa mai shi ba, ba a sa masa ranar ƙarewa ba, yakan zama gini, har a manta dalilinsa, wani yana ciwo a ƙarƙashi ba a sani ba. A nan kuwa yayanku ne, kuma ni ce shaidarsa.

Ranar Litinin da la'asar na tara su a tsakar gida. Yayata Hajara ta zo da kayan ɗakin Safiya, tana zaune a kujerar roba tana warware zannuwa. Na so in jira ta tafi, sai na ga in na jira ba zan yi ba.

"Ban san JavaScript ba," na ce, "amma na san gida. Za ku sa layin nan huɗu. Ba don Safiya ta fi baki ba, don Ramatu. Amma ke, a samansu za ki rubuta dalilin da ya sa aka sa su, da tsohuwar burauzar da aka sa su dominta, da cewa ranar da ta bar Zongo a cire su. Ki rubuta yadda wanda bai san ku ba zai gane. Kuma duk wani halinta da kuka gano nan gaba, ba za a toshe ba sai kun ga wanda ya cuta da ido, ba don tsammani ba. Sannan ku biyu za ku je wurin mai siber, ku gaya masa abin da kwamfutarsa ke yi. A rufa mata asiri, amma a gaya wa mai ita."

Safiya ta ce to. Shi yana tsaye jikin igiyar shanya, ya ba mu rabin baya, ya ce:

"Ba za ta ji ba, Mama. Ita ba a gyara ta."

"Tsohuwar siber ke nan," na ce. "Ta gidan nan tana da kunne."

Abin da na yi bayan wannan, zan zo gare shi. Bari in fara gaya muku abin da ya ci mini, don kada ku ɗauka kyauta ne. Yaya Hajara ta naɗe zannuwanta ta tafi ba ta sha ruwa ba. Ta zo bikin, amma a ɗakin maƙwabta ta zauna. Ta ce na zubar da kunyar gidan ubanmu, na koma kamar waɗanda ke ƙwala wa 'ya'yansu kira a bakin titi. Mun shirya daga baya, amma har Allah ya karɓi ranta, in za ta gabatar da ni ga baƙuwa sai ta ce, "Ƙanwata ce, 'yar boko." Allah ya jiƙanta, ita ma abin da uwarmu ta bar mata take tsaro. Kuma akwai wata asara da ba wanda ya gani sai ni. Ludayin nan yare ne tsakanina da shi, mu biyu kaɗai. Daga ranar ya zama ludayi kawai. Har yau wani lokaci hannuna kan ɗaga shi, sai in tuna in mayar cikin miya. Duk da haka ban yi nadama ba, ko sau ɗaya.

Layin huɗu sun shiga a ranar. Shi ya rubuta su da hannunsa, ya ce in dai za a yi, a yi da kyau, ita kuma ta rubuta bayanin a sama. Sun je wurin mai siber tare, ya saurare su, ya ba su lemo, bai sauya komai ba sai da kwamfutocin suka mutu da kansu. Safiya ta tare a Djidjolé, kwalbar yaji ba ta rabu ba. Bayan shekaru, da waya ta shiga hannun kowa aka rufe siber aka mai da shi shagon ɗinki, Safiya ce da kanta ta cire layin, ta bugo mini ta ce an sallami tsohuwa. To kun ji wanda na goya wa baya.

Yanzu ga abin da ya faru a tsakar gida. Da na ce ta gidan nan tana da kunne, ba wanda ya gane nufina. Ludayin na hannuna, murfin tukunya na gabana. Na sunkuya na ajiye shi a ƙasa. Na yi bismillah a ɓoye. Sunan ya fito ƙarami, kamar ba ni na zaɓe shi ba.

"Nasiru."

Yaya Hajara ta ce, "Innalillahi." Safiya ta dafe ƙirji. Shi bai juyo ba. Na ga hannunsa ya kama igiyar shanya, rigunan da ke kai suka yi rawa. Ƙato mai gemu, wanda ya fi ubansa tsawo, ya tsaya kamar yaron da aka tsayar a gaban aji. Na fara tunanin ko na makara, ko shekara ashirin da bakwai sun fi ƙarfin kalma ɗaya. Sai ya juyo, fuskarsa a jiƙe, yana ƙoƙarin yin dariya ya kasa.

"Na'am, Mama," ya ce. "Amma ki sake faɗa. Na ji sarai, so nake in ƙara ji."